Baƙon malami a Gaya, wasan da kake nema yana hannun ɗalibanka

Duk shekara, da damina ta fara ja da baya makarantu suka koma a watan Oktoba, sai ka ga sabbin fuskoki a ɗakin malamai na kwalejojin Gaya, musamman masu zaman kansu. Gayar da nake nufi ita ce ta jihar Doso a Jamhuriyar Nijar, ba ta Kano ba. Gari ne a bakin kogin Isa, Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallaken gada, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana kusa, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. Cikin sabbin fuskokin akwai matasan da suka ƙetaro daga Nijeriya ko Gana don koyar da Ingilishi, akwai 'yan Benin da Togo masu koyar da Faransanci. Haka nan akwai namu da ke tsallakawa Kamba da Birnin Kebbi su koyar da Faransanci a can. Dukkansu baƙi ne a ajin da suka shiga, kuma da yawansu tambaya guda suke zuwa mini da ita: "Malam, wane wasa zan yi da yaran nan don kada su yi barci?"

Na daɗe ina koyar da Ingilishi a wannan yanki, kuma amsata ba ta canja ba. Wasa a darasin harshe aiki ne na gaske, ya cancanci a shirya shi kamar yadda ake shirya jarrabawa. Amma wasan da zai yi amfani a Gaya ba daga waya za a kwaso shi ba. Yana filin makaranta da kasuwa da dandali, yaran sun riga sun iya shi. Aikin malami shi ne ya ɗora masa sabon harshe, sannan ya auna shi da abu ɗaya: baki nawa ne ya buɗe, jimla nawa kowane baki ya faɗa.

Dalilin da ya sa maganar ta fi ƙarfin wasa

A tsarin makarantun Nijar, yaro yakan yi shekara shida na firamare, yawanci da Faransanci, sai ya shiga kwalej a aji na farko da ake kira siziyam, a nan zai fara gamuwa da Ingilishi. Shekara huɗu ke gare shi kafin jarrabawar BEPC. Da yawa daga cikin yaranmu ba su wuce nan, wasu ma ba su kai nan ba. Ke nan abin da yaro ya samu na Ingilishi a waɗannan shekaru, watakila shi ke nan har abada. In ya fita da kundi cike da rubutu amma bai iya tambayar farashin buhun masara ba, an yi asarar lokacinsa da kuɗin iyayensa.

Ga kuma sauyin da aka samu a sama. Kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sanya wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko me mutum yake gani game da siyasar abin, Ingilishi ya tashi daga darasin da ake yi don cika maki ya hau kujera ɗaya da Faransanci a rubuce. A Gaya kuwa ba sai an jira doka ba. Gari ne da ke ci daga kan iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, ta Nijeriya ta buɗe a watan Maris na 2024, gadar Malanbil kuma ta daɗe a toshe har mutane suka koma ƙetara kogi da kwale-kwale. Kowa a nan ya ga yadda hanyar abinci ke juyawa a dare ɗaya. Yaron da ke da harshe fiye da ɗaya a bakinsa, in wannan ƙofa ta rufu yana iya ƙwanƙwasa waccan.

Yaran nan ba yau suka fara koyon harshe ba

Abu na farko da baƙon malami ya kamata ya sani shi ne, ɗaliban da ke gabansa sun fi shi gogewa a koyon harsuna. Ɗan shekara goma sha biyu a Gaya yana iya jin Dandanci a gida, Hausa a kasuwa, Zabarmanci wurin maƙwabta, ya tsinci Fulatanci wurin masu kawo nono, ga Faransancin lakwal. Babu wanda ya rubuta masa dokokin nahawun Dandanci a allo. A wurin langa ya koya, da wurin aike, da gardamar ƙwallo, da cinikin rake. Ya ji magana, ya maimaita, aka yi masa dariya, ya gyara, ya sake faɗa sau ɗari saboda yana son ya ci wasan ko kada a cuce shi a canji.

To me ya sa wannan yaron zai shekara uku yana Ingilishi amma in ka gaishe shi sai ya sunkuyar da kai? Ƙwaƙwalwarsa ce dai ta jiya. Abin da ya rasa shi ne dalilin magana da damar magana. A aji malami ne ke magana, su suna kwafa. Wasa mai kyau yana maido da abubuwan nan biyu: yana ba yaro abin da yake so ya samu, ya kuma sa ba zai same shi ba sai ya buɗe baki da sabon harshen.

Kayan aro

Sabon malami in ya shiga intanet neman wasanni zai samu dubbai. Sai dai ya tambayi kansa, don wa aka rubuta su? Da yawansu daga hannun matasan Amurka da Ingila suka fito, waɗanda suka je koyarwa Japan a ƙarƙashin shirin JET da aka fara a 1987, ko Koriya ta Kudu, ko makarantun kuɗi na Turai. Ajin da suke zato yana da yara ashirin ko talatin, kowa da kujerarsa, akwai injin buga takarda, akwai majigi, wuta ba ta ɗaukewa. Sai a ce maka ka buga kati talatin masu launi, ka jera kujeru a da'ira, ka kunna kiɗa. A ajinmu benci ne, mutum uku ko huɗu a kai, hanya ɗaya ce siririya a tsakiya, wani ajin ma na zana ne. Kayan aikin malami alli ne da allo da muryarsa.

Na sha ganin matashi mai himma ya kwana yana yanka takardu da kuɗin aljihunsa, washegari wasan ya watse cikin minti biyar, saboda bayanin dokokinsa kaɗai ya fi ƙarfin Ingilishin yaran, shi kuma bai iya Faransanci ko Dandanci da zai fassara ba. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa yaran nan ba su san wasa ba, ya koma kwafar allo har ƙarshen shekara. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wasan da yara suka riga suka san dokokinsa ba ya bukatar dogon bayani, lokacin da za a ɓata a bayani sai ya tafi a magana.

Ba yau baƙi suka fara koyar da Ingilishi a Nijar ba. 'Yan sa-kai na Peace Corps daga Amurka sun fara zuwa a 1962, suka tattara suka tafi a watan Janairun 2011 saboda matsalar tsaro, kuma kafin a tura su gari sai an zaunar da su sun koyi Hausa ko Zabarmanci. Wanda ya fito daga Kamba ko Sakkwato yakan ɗauka shi ba ya bukatar irin wannan shiri tunda yana jin Hausa. Jin Hausa gata ne babba, amma bai sa ka san Gaya ba. Shawarata ga kowane sabon zuwa ita ce, mako biyun farko ya riƙa zama a gindin bishiya lokacin hutun tsakiyar safiya, ya kalli abin da yara ke yi in babu malami a kansu. Littafin wasanninsa ke nan.

Ma'aunin baki

Kafin na kawo misalai, ga lissafin da nake so kowane malami ya yi a takarda kafin ya shiga aji. A ce ɗalibanka 80 ne, ka ware minti 15 don wasa. In wasan irin wanda ake kiran yaro ɗaya gaban allo ne, kowa ya ci minti guda, yara 15 ne suka yi magana, 65 suka yi kallo. Kuma 15 ɗin nan su ne dai masu ɗaga hannu kullum. Kafin layi ya zagayo kan yarinyar da ke bencin ƙarshe sai an yi darasi shida. In kuwa ka raba su bibbiyu, kowa da na kusa da shi, kana da tagwaye 40 suna magana lokaci guda, kowane yaro ya samu wajen minti bakwai bakinsa na motsi. Minti 15 ɗin dai ne, allin dai ne, amma bambancin kamar na yayyafi da ruwan Agusta ne.

Don haka dariya ba ita ce shaidar wasa ya yi kyau ba. Aji yana iya kecewa da dariya, yara su fita suna yabon malami, alhali babu wanda ya faɗi jimla ko ɗaya. Tambayoyi uku nake yi wa kowane wasa. Wace jimla ce yaro zai maimaita? Sau nawa zai maimaita ta? Yara nawa ne za su yi hakan lokaci guda? In malami bai iya amsa ta farko ba, bai shirya darasi ba, hutu ya shirya.

Wasanni daga cikin gari

Na farko shi ne kasuwa, kuma a nan baƙo daga Nijeriya yake fara koyon darasi. A Nijar da Hausa ko Zabarmanci ba a ƙirga kuɗi da tamma ɗaya-ɗaya, da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Abin da aka rubuta 100 a jikinsa dala ashirin ne, 500 dala ɗari, 1000 jaka guda. A Nijeriya kuwa in dattijo ya ce jaka, naira 200 yake nufi. Yaron Gaya yana juya wannan lissafi a kansa kullum ba tare da ya san gwaninta yake yi ba. Sai ka rubuta kaya goma a allo, rake, albasa, kifi, gari, sabulu da sauransu. Na dama a benci shi ne mai kaya, na hagu mai saye. Mai saye ya tambaya da Ingilishi, "How much is the fish?" Kai ka ɗaga allo mai farashi da Hausa, a ce dala ɗari da hamsin, mai kaya ya juya shi zuwa 750 ya faɗa da Ingilishi. Mai saye ya ce ya yi tsada, a yi ciniki har a daidaita, ya rubuta abin da ya biya. Wanda ya kammala cefanensa da kuɗi mafi ƙanƙanta shi ya ci. A nan ne za ka ji wanda bai bambanta "thirteen" da "thirty" ba, kuma abokin cinikinsa ne zai gyara masa, don ba zai yarda a cuce shi ba ko a wasa. Malamin Faransanci a Kamba yana iya yin irinsa da naira, ya sa farashin ya riƙa faɗawa tsakanin 70 da 99, inda lambobin Faransanci ke ɗaure wa yara kai.

Na biyu kacici-kacici. Kowane yaro ya san tsarinsa tun daga tsakar gida, ya kuma san wanda ya kasa amsa sai ya ba da gari. Ka sa kowane benci ya shirya nasa da jimloli uku masu sauƙi a kan abin da ke kewaye da su, kwale-kwale ko jaki ko randa, su jefa wa bencin baya. Masu amsa suna da damar tambaya biyar irin wadda ake amsawa da e ko a'a. In sun kasa, su ba da gari da Ingilishi, masu kacicin kuma suna iya ƙin karɓa, amma sai sun faɗi dalili: Doso ta yi kusa, Agadas ta yi nisa, Kwatano suke so saboda teku. Ka ga an yi siffantawa, an yi tambaya, an yi kawo dalili, duk a cikin wasan da babu wanda aka koya wa dokarsa.

Na uku dara. Gidajenta talatin ne, layi biyar gida shida-shida, kuma burin mai wasa shi ne ya jera uku. Zana ta a allo, ka rubuta kalma ɗaya a kowane gida, misali aikatau talatin daga darasin makon a littafin English for the Sahel ko duk wanda makarantarku ke bi. Ba ka da ikon sa alamarka a gida sai ka yi jimla daidai da kalmar da ke ciki. Ka buga zagaye ɗaya da aji gaba ɗaya don su gani, daga nan kowane benci ya kwafi gidajen a takarda, biyu su kara, na uku ya zama alƙali da littafi a hannu. In an tsaya a allo kawai, an koma matsalar yara 15 masu magana da 65 masu kallo.

Na huɗu na ranakun farko ne, lokacin da malami da ɗalibai ba su da harshen da ya haɗa su. Wani masani a jami'ar San José da ke Kalifoniya, James Asher, ya gina hanyar koyarwa tun shekarun 1960 a kan cewa mai koyon harshe yana fara fahimta da jikinsa kafin bakinsa ya buɗe, kamar yadda jariri ke miƙo abu in an ce ya kawo tun bai iya magana ba. Ka ba da umarni, ka aikata, su aikata: tashi, zauna, taɓa kunne, nuna ƙofa. In sun saba sai ka mai da shi wasan "sarki ya ce", ba a bin umarni sai an ji sunan sarki a gaba. Abu ɗaya zan ƙara: wanda ya yi kuskure kada a fitar da shi ya zauna. Wasan fitarwa yana korar wanda ya fi bukatar darasin tun minti na farko. A maimakon haka, shi zai ba da umarni na gaba.

Akwai kuma abin da yaran suka zo da shi daga firamare wanda baƙo daga ƙasar Ingilishi bai sani ba. A makarantun tsarin Faransa an daɗe ana amfani da hanyar da ake kira La Martinière, sunan wata makaranta a birnin Liyon: malami ya yi tambaya, kowa ya rubuta amsa a ɗan allonsa, a buga tebur, kowa ya ɗaga lokaci guda. Da kallo ɗaya ka san wanda ya gane da wanda bai gane ba a cikin 80. Ka raba ajin gida takwas da sunayen jihohin ƙasar, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kamar yadda suke karawa a gasar kokawa ta takobi da aka fara tun 1975. Ka yanka takobin kwali, jihar da ta fi maki ranar Juma'a ta riƙe shi mako guda. Ba ka kashe ko dala ba, amma za ka ga manyan aji suna koya wa na baya, don makin jiha na kowa ne.

Inda ƙafar baƙo ke zamewa

Wasan da ake ƙarewa da kunyata wani ba wasa ba ne. Iyayen da suka yi lakwal a da suna tuna "sambol", ɗan abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gida, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. A Nijeriya tarar "banakula" ce. Wannan ma ai da siffar wasa aka yi shi, kuma abin da ya koya wa yara shi ne yin shiru ya fi aminci. Duk wasan da zai sa wanda ya faɗi ya yi tsallen kwaɗo ko a yi masa ihu, jikan sambol ne.

A kula da abin da ya yi kama da caca. Karta da ɗan lido da kyautar kuɗi, ko da niyyar malami mai kyau ce, labarin da zai isa gida shi ne mushe yana koya wa yara caca. Shahararren wasan nan da ake zana mutum a rataye gaɓa-gaɓa in an kasa cankar harafi, ban ga abin da ya kawo shi ajin yara ba. Zana sandar rake mai gaɓa goma, kowane kuskure akuya ta cinye gaɓa ɗaya, wasan bai canja ba. Wasan da zai sa samari da 'yan mata riƙe hannu ko gogayya, a bar shi, yawancin iyaye a nan ba za su karɓa ba, kuma yarinyar da aka cire daga makaranta saboda haka ba ta dawowa. A watannin zafi na Afrilu da Mayu, ko cikin azumi, a zaɓi wasan zaune.

Sai barkwancin taubasai tsakanin ƙabilu da dangi, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Baƙo zai ji yara suna jifan juna da maganganun da a garinsu faɗa ne, a nan kuwa zumunci ne. Kada ya tsawata kafin ya tambaya, kada kuma ya tsoma baki ya ce zai yi irinsa. Akwai wanda ke da ikon tsokanar wani, akwai wanda ba shi da shi. Don haka ma na fi son a raba ƙungiyoyi bisa layin benci, kada a raba bisa harshe ko unguwa.

Ga iyaye da shugabannin makarantu

Na san ƙorafin, kuma ba na raina shi. Uba ya biya kuɗin makaranta da gumin kasuwa, ɗansa ya dawo ya ce yau wasa suka yi. Dole ransa ya sosu. Ya kuma yi gaskiya in ya ce BEPC da alƙalami ake yin ta. Akwai abin da wasa ba ya koyarwa: zama a karanta dogon rubutu a fahimta, da haɗa sakin layi mai ma'ana. Wannan sai da shiru da haƙuri. Shi ya sa nake cewa wasa kada ya wuce minti 10 zuwa 15 a cikin awa, kuma kowane wasa ya ƙare da rubutu. An gama kasuwa, kowa ya rubuta jimla biyar a kan abin da ya saya da nawa ya saya. Abin da baki ya faɗa sau ashirin, hannu ba ya wahalar rubuta shi.

Masu cewa maimaitawa da hadda su ne karatu, ni ma ina tare da su. Yaranmu da yawa sun biyo ta makarantar allo, sun san daɗin abin da aka maimaita har ya zauna. Wasa mai kyau ai maimaitawa ce, sai dai yaro ne da kansa yake neman a sake. Jimlar da zai gaji da ita a karo na biyar in malami ne ya ce a maimaita, zai faɗe ta sau talatin in takobin kwali yana jiran Juma'a.

Shugaban makaranta kuma damuwarsa surutu ne, musamman inda zana ce kawai ta raba aji da aji. Gaskiya ne tagwaye 40 ba sa magana a ɓoye. Maganinsa shiri ne. Malami ya sanar da maƙwabcinsa tun da safe, kada ya sa wasa lokacin da ake gwaji a gefe, ya koya wa yara alamar tsayawa guda ɗaya tun ranar farko, in akwai inuwa a fita waje. Amma a daina auna malamin harshe da shirun ajinsa. Ajin lissafi yana iya yin tsit ana aiki. Ajin harshe da ya yi tsit daga Oktoba zuwa Yuni, a bincika. Abin da nake roƙon shugabanni shi ne, duk baƙon malamin da kuka ɗauka ku haɗa shi da ɗan gari guda a cikin malamai, wanda zai gaya masa dala nawa ce 250, wace rana ce kasuwa ke rage yara a aji, wane wasa ne zai jawo iyaye ofis.

Ku kuma iyaye, akwai gwajin da ba ya bukatar ku iya Ingilishi. In yaro ya dawo, kada ku tsaya a "me kuka yi yau?" Ku ce, "Wace magana ka faɗa da bakinka yau? Faɗa mini." In ya iya faɗar jimla biyu ko uku ya kuma fassara muku, to ko wasa suka yi, karatu aka yi. In mako ya wuce kullum amsarsa ita ce malam ya rubuta sun kwafa, ko sun yi dariya amma bai tuna komai ba, ku je makaranta ku tambaya cikin mutunci. Ranar kasuwa ku tafi da shi, ku sa ya gaya muku farashin albasa da Ingilishi. Kun ba shi abin da aji mai yara 80 ba ya iya ba shi kullum, wato mai sauraro nasa shi kaɗai.

Kai kuma sabon malami, ba a fafe gora ranar tafiya. Daren da za ka shirya wasa, fara rubuta jimlar da kake so a ji a bakin yara, sannan ka nemi wasan garin da zai ɗauke ta, ka ƙirga bakin da zai buɗe. Wasa huɗu ko biyar da yara suka ƙware a kansu sun ishe ka shekara, kalmomin ciki kawai za ka riƙa canjawa. Kuma ka bar su su koya maka gaisuwar Dandanci da ƙirgen dala, ka faɗa a gabansu, su gyara maka. Yaron da ya ga malaminsa yana koyon harshensu ba tare da jin kunya ba, shi ma zai saki baki ya gwada naka.

Allah ya taimaki malamai, ya yi wa yaranmu albarka.